FAIFAN MAKAƊA BIYU NA NIJAR DA AIKIN DA KE JIRAN ABUJA

A cikin shekarar 1994 wani kamfanin buga fayafayai na birnin Landan mai suna Stern's ya fitar da wani faifai da aka sa wa suna Niamey Twice, watau Yamai sau biyu. Mawaƙa biyu ne 'yan Jamhuriyar Nijar suka haɗu a cikinsa, kowa da kasonsa na waƙoƙi. Na ɗaya shi ne Sa'adu Bori, mutumin Maraɗi, wanda ya yi nasa da Hausa. Na biyu kuwa Moussa Poussy, wanda ya fi yin nasa da Zabarmanci. Da wuya a sami Bahaushen da ya yi zaman Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun a waɗancan shekaru wanda bai taɓa jin muryar Sa'adu Bori tana tashi daga rikodar mai shayi ko ta direban tirela ba. Amma in aka tambaye shi sunan faifan, ko inda aka buga shi, ko nawa ya shiga aljihun mawaƙin daga kaset ɗin da ya saya, sai ya yi shiru, domin abin da ya iso hannunsa kwafe ne da aka kwafa daga wani kwafen.

Fiye da shekara 30 ke nan da fitowar wannan faifai. Sa'adu Bori kansa ya rasu a haɗarin mota a 2008, Allah ya ji ƙansa. Duk da haka faifan yana nan, da sunayen mawaƙan a jikinsa, da sunan kowace waƙa, da shekarar da aka buga shi, kuma wanda ya neme shi zai same shi. Nijeriya kuwa, inda Hausawa suka fi yawa a duk duniya, kuma inda aka haifi su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, har yanzu babban birninta ba shi da wani gida da makaɗin gurmi ko na kukuma ya sani, wanda zai nufa da kayan kiɗansa a ɗauki muryarsa da kyau, a rubuta sunansa, a ajiye, a kuma biya shi haƙƙinsa. Wannan abin kunya ne, kuma gyaransa bai fi ƙarfin Abuja ba.

Kada mai karatu ya ɗauka sa'a ce kawai ta faɗo wa mutanen nan biyu. Tun zamanin mulkin Seyni Kountché ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa suka saba wa 'yan Nijar da gasar kiɗa da waƙa tsakanin jihohi. A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara da wata gasa ta kiɗan zamani wadda aka raɗa wa sunan marigayi Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na Tawa. Bayan haka aka buɗe wata cibiya a Yamai ta koyar da kiɗa da tallata shi, wadda ake kira CFPM Taya, da gudummawar asusun raya ƙasashe na Turai. A nan samari masu jita da ganga irin ta Turawa suka zauna tare da masu gurmi da molo da kalangu da sarewa, kowa yana koyon hannun ɗan'uwansa. Sa'adu Bori da Moussa Poussy duk sun bi ta wannan gida. Haka nan Yacouba Moumouni, mai busa sarewa, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey da ta zagaya ƙasashen Turai.

Saboda haka lokacin da Ibrahima Sylla, mutumin Senigal ɗin nan da ya shirya wa Salif Keita faifan da ya fito da shi duniya a 1987, ya sauka Yamai neman sababbin muryoyi, bai sha wahalar yawo ƙauye ƙauye ba. Ya tarar da ƙofa ɗaya da zai ƙwanƙwasa, ya kuma tarar da mutanen da suka riga suka san yadda ake tsayawa gaban na'urar ɗaukar murya. Da ya zo Abuja a wannan shekara, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? In ma ya zo yau, wace ce?

Abin da Sa'adu Bori ya yi a cikin kasonsa na faifan ya isa a tsaya a kansa. Ya ɗauko kiɗan da aka sani a Maraɗi tun kaka da kakanni, irin wanda garaya da ƙwarya ke ɗauka, ya ɗora shi a kan jita da ganguna na zamani, bai kuwa bar kayan Turawan sun ja ragama ba. Mai sauraro zai ji jitar tana bin sawun garaya, tana maimaita gajeren zubi ɗaya har ya zauna a kunne, muryar kuma tana hawa da sauka yadda karin harshen Hausa ya tanada. Wannan shi ne wurin da yawancin masu gwada haɗa gargajiya da zamani suke tuntuɓe. Hausa harshe ne mai karin sauti, in aka tilasta wa kalma ta bi waƙar da aka aro daga Indiya ko Amurka sai ta karye, har ma'anarta ta sauya. Sa'adu bai karya ko ɗaya ba. Shi ya sa tsoho ya ji ya gane nasa, yaro kuma ya ji ya taka rawa, Bature a Landan da bai san ko "sannu" ba ya sa hannu a aljihu ya saya.

Haɗa mutum biyu a faifai ɗaya ma dabara ce da ya kamata a lura da ita. Bisa al'ada makaɗin Hausa jagora ne da 'yan amshi da makaɗa a bayansa, wani lokaci har da sanƙira, duk kuwa bakinsu yana kan abin da aka samu a wasa. In ba haka ba to shi kaɗai ne, kamar Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ko Haruna Uji da gurminsa. Mutum biyu masu matsayi ɗaya, ba ubangida ba bara, ba a cika ganinsu ba. Alhali kuwa su ne mafi sauƙin ɗawainiya. Babur ɗaya ya ishe su, ɗaki ɗaya ya ishe su, in an samu a raba biyu. A faifan Yamai an sami ƙarin riba, domin Bahaushen da ya saya don Sa'adu ya ji Zabarmanci, Bazabarmen da ya saya don Moussa ya ji Hausa.

Akwai ƙasar da ta mai da irin wannan haɗin mutum biyu babbar sana'a, ita ce Birazil, inda ake magana da harshen Fotugal. Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga mazauna Ikko kamar yadda za a zata. Sunan Legas kansa kalmar Fotugal ce. Unguwar Popo Aguda ta jikokin bayin da suka komo daga can ce, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. A cikin bayin da aka kai jihar Bahiya akwai Hausawa da dama, waɗanda suka yi ta shirya tawaye tun daga 1807, suka kuma sa hannu a babban boren Musulmi na birnin Salvador a cikin watan azumin 1835. Ko babban birninsu, Birasiliya, wanda aka buɗe a 1960, a tsakiyar daji aka gina shi don a bar bakin teku, kamar dai yadda aka yi Abuja.

A can arewacin wannan ƙasa akwai wata jiha mai suna Tocantins, wadda sai a 1988 aka yanke ta, ƙasar kiwon shanu da noma, nesa ƙwarai da manyan biranen kudu inda kuɗi da kamfanoni suke. A wani gari na jihar mai suna Araguaína wasu 'yan mata biyu da suka san juna tun suna makaranta, Ana Caetano da Vitória Falcão, suka haɗa sunayensu suka kira kansu Anavitória. Kayan aikinsu jita ce ta katako da muryoyi biyu. A 2016 suka fitar da faifansu na farko mai ɗauke da sunansu, wanda wani mawaƙi Tiago Iorc ya shirya musu. A 2017 wata waƙa daga cikinsa ta ci lambar Grammy ta ƙasashen Latin a sashen waƙar harshen Fotugal. Faifansu na 2018 ya ci lambar faifan da ya fi kyau a nasa sashen a 2019, wani mai suna Cor ya sake ci a 2021. Duk wannan da harshen uwarsu suka yi shi. Su da kansu suka kira salon nasu kiɗan zamani na karkara, ba su ji kunyar kalmar karkara ba ko da suka koma zama a kudu.

Su ma ba daga sama suka faɗo ba. Tun 1929 wani mutum mai suna Cornélio Pires ya so a ɗauki waƙoƙin mutanen ƙauye a faifan garmaho a birnin Sao Paulo, kamfani ya ce ba mai sayen kiɗan ƙauyawa. Sai ya biya kuɗin bugun daga aljihunsa, ya loda fayafayan a mota ya shiga garuruwa da su, suka ƙare ƙaf. Daga nan aka buɗe hanyar da mawaƙa biyu-biyu suka bi shekara da shekaru, irin su Tonico da Tinoco, waɗanda 'yan'uwan juna ne. Su wa suka riƙe wannan kasuwa? 'Yan ci-rani ne, mutanen karkara da suka kwararo birni aikin gini da masana'antu da gadi, suna kewar gida, suna neman muryar da za ta tuna musu da shi. Mai karatu da ke zaune a Mile 12 ko Shagamu ko Fatakwal ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan ciwo. Daɗin daɗawa, wata doka ta 1973 ta kafa ofishi guda ɗaya tak, mai suna ECAD, wanda ke karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal da wuraren biki a raba wa masu waƙoƙin da aka sa. Ana ƙorafi a kansa kamar yadda ake yi a kan kowane ofishin kuɗi, amma dai mawaƙi ya san inda zai je ya yi ƙorafin.

To, a dawo gida. A shekarun 1970 kamfanoni irin su EMI da ke Ikko sun buga fayafayan Alhaji Mamman Shata da wasu takwarorinsa, Rediyon Kaduna kuma ya ɗauki muryoyin makaɗa masu yawan gaske. Da kaset ya zo, masu kwafar jabu suka cinye kasuwa, kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. Tun daga nan waƙar Hausa take yawo kamar marainiya. Daga kaset ta koma faifan CD na bakin titi, daga can ta koma hannun masu tura waƙoƙi a waya, inda ake cika wa mutum ɗaruruwa da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Sau da yawa ba sunan waƙa, ba shekara, wani lokaci ma a liƙa wa wani makaɗi waƙar wani. Shata ya rasu ran 18 ga watan Yuni, 1999. Barmani Coge ta bi shi a 2013, Ɗan Maraya kuma a 2015. A tambayi magadansu abin da ke shigo musu daga waƙoƙin da ake sawa dare da rana a tashoshin mota daga Sakkwato har Anaca.

Ba a ce ba wanda ya yi komi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka yana rubutawa a cikin Diwani. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006. Sai dai wannan ƙoƙarin ɗaiɗaikun mutane ne, kuma takarda tana riƙe kalmomi ne kurum. Ba ta riƙe yadda yatsa ke taɓa tsirkiya, ko yadda hammata ke matsa kalangu har ya yi magana.

Wannan hannu shi ne abin da ke salwanta a halin yanzu. Tun da fiyano ya shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano a shekarun 1990 tare da finafinan Hausa, yaro ɗaya da na'ura ɗaya ya maye gurbin makaɗa biyar. Ba laifin yaran ba ne, abin da ya fi araha suka bi, kuma a cikinsu akwai masu basira da murya waɗanda jama'a ke ƙauna da gaskiya. Amma ɗan makaɗin kukuma da ya ga ubansa ya tsufa ba shi da ko akuya, ya ga kuma ana kiran gidansu gidan roƙo, ba zai ɗauki kukuma ba, acaɓa zai nema. In tsara ɗaya ta wuce a haka, za a wayi gari akwai kukuma a gidan tarihi, babu mai goga ta.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Makaɗin da ba ya samun kome daga sayar da waƙarsa dole ya rayu a kan kyautar mai kuɗi, wanda kuwa ke rayuwa a kan kyauta dole ya yi yabo. Shi ya sa mawaƙin Arewa in ya shigo Abuja yawanci otal yake nufa ko gidan wani babba a Maitama ko Asokoro, a yi taron siyasa ko ɗaurin auren 'yar wane, a yi masa liƙi, a ba shi makullin mota in ya yi sa'a. Yabo tsohuwar al'ada ce, ba mai cewa a kashe ta. Amma Ɗan Maraya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole da zaman aure da gulma, kuma talakawan da suka saurare shi su suka ɗaga shi har duniya ta san shi. Irin wannan waƙa ba ta da ubangida mai ba da mota. Masu riƙe ta su ne mutum dubu da kowannensu zai biya kaɗan, kuma ba za su iya biya ba sai an yi hanyar da kuɗin zai bi ya isa hannun mai ita.

Me ya sa aka ɗora wa Abuja wannan nauyi? Saboda a can ofisoshin suke. Tun da Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar sabon babban birni ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, har gwamnati ta tare ran 12 ga watan Disamba, 1991, kusan duk hukumar da ke da hannu a wannan magana ta koma can. Hukumar raya fasaha da al'adu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975, tana can. Hukumar kare haƙƙin mallaka tana can, kuma a watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokarta. Hedkwatar Rediyon Tarayya tana Garki, kusa da cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi. A 2023 har ma'aikata guda aka ware wa fasaha da al'adu. Ga kuma dogon hasumiyar nan ta Millennium da cibiyar al'adun da ke gindinta, wadda aka fara ginawa a 2006 a tsakiyar birni, har 2024 ta wuce ba a gama ba. Abin da makaɗa ke bukata bai kai kuɗin hawa ɗaya na wannan gini ba.

Abin mamaki ma shi ne an taɓa yin irin wannan aiki a ƙasar Abuja, ya kuma yi kyau. A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata mata Bagwariya daga Kwali, ya nemi a haɗa su. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ba a ce ta bar zanen kada da kunama da ƙadangare da ta gāda ba. An dai koya mata sabuwar hanyar gashi da shafe, aka kuma ba ta hatimi mai haruffa biyu na sunanta tana bugawa a gindin kowace tukunya. Aka kai aikinta Landan aka nuna, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, tun 2007 kuma hotonta yake bayan takardar Naira 20. Mata nawa ne a ƙasar Gwari suka iya gini kamarta amma ba wanda ya san sunansu? Bambancin shi ne makaranta da hatimi. Abin da aka yi wa yumɓu shekara 70 da suka wuce za a iya yi wa gurmi.

Tsakanin Abuja da Maraɗi ma akwai zumuncin tarihi. Bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina suka koma arewa suka zauna Maraɗi, na Zazzau kuwa suka gangaro kudu, inda Abu Ja ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a 1828. Garuruwan nan biyu su suka fi riƙe tsofaffin sarautu da kaɗe-kaɗen fada na Hausa. Ɗaya ya fitar da Sa'adu Bori. Ɗayan ya ba da sunansa ga babban birnin ƙasa.

Ko shakka babu wasu za su ce, yaya za a ɗauki dukiyar jama'a a kashe a kan kiɗa, kiɗan ma har da mai alaƙa da bori? Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma duk wanda ya raina ta zai sha mamaki. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina dandalin shirya finafinai a Kofa ta Jihar Kano, malamai da jama'a suka tayar, tilas aka janye. Darasin shi ne ba a yanke wa mutane shawara daga ofis a kawo musu. Amma a yi adalci. Kiɗan Hausa ba bori kaɗai ba ne. Akwai kiɗan noma da na maƙera da na mahauta, akwai tambari da kakaki da algaita na fada, akwai waƙoƙin daka da niƙa da reno na mata, akwai bege da mandiri. Kuma rashin cibiya bai hana kowa jin kiɗa ba, wayoyin samari cike suke da shi, har da wanda uba ba zai iya saurare a gaban 'ya'yansa ba. Abin da rashin cibiya ya hana shi ne mai kyau ya samu wurin tsayawa. In an sa malamai da masana harshe da wakilan sarakuna a cikin masu lura da gidan tun ranar farko, da yawa daga cikin tsoron zai kau.

Wasu kuma za su ce ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, wa ke ta kuntigi? Gaskiya ne, ciki shi ne gaba. Sai dai a tuna cewa ƙasar Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina, inda rashin tsaro ya fi tsanani, nan ne mahaifar manyan makaɗan Hausa. Narambaɗa mutumin ƙasar Isa ne, Ɗanƙwairo na Bakura da Maradun, Sa'idu Faru na Faru, Shata na Musawa. Ƙauyukan da aka tasa sun tashi da makaɗansu, wasunsu suna gudun hijira a garuruwa, wasu sun gangaro har Zuba da Dei-Dei da Gwagwalada suna ga-ruwa ko turin baro. Tsohon da ke riƙe da waƙoƙin gidansu hamsin a ka ba zai jira a gama yaƙi ba.

Masu cewa zamanin faifai ya wuce tun da intanet ta zo, su ma ba su duba da kyau ba. 'Yan matan Birazil ɗin nan ta intanet aka fara jin su, amma faifai suka yi, mai suna da shekara da rajista, shi ya sa duk inda aka saurari waƙarsu akwai lissafin da ke komawa gare su. Intanet tana biyan wanda ya yi rajista ne. Waƙar Hausa da wani ya kwafa ya ɗora da sunansa, shi ake biya, mai ita yana ƙauye bai sani ba.

Abin da ake nema a wurin Ministan Birnin Tarayya da ma'aikatar al'adu ba mai yawa ba ne. A ware ɗakuna kaɗan a cibiyar Cyprian Ekwensi ko a gidan rediyo, a sa na'urori masu kyau da ma'aikatan da suka san yadda ake ɗaukar kalangu ba tare da an kashe masa murya ba. A ɗauki tsofaffin makaɗa a matsayin malamai da albashi, a haɗa su da samarin da suka iya jita da fiyano. Ƙofar ta kasance a buɗe ga Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, waɗanda ƙasarsu ce aka gina birnin a kai, da kuma duk wata ƙabila da ta zo da nata. Duk abin da aka ɗauka a yi masa rajista nan take da sunan mai shi, a ba shi takarda da harshen da yake ji. Tsofaffin faya-fayan da ke Rediyon Kaduna da gidajen rediyon jihohi a kwafe su tun zafi da ƙura ba su gama da su ba. Rigimar da aka shafe shekaru ana yi a kotu tsakanin ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa, watau COSON da MCSN, ta Ikko ce, makaɗin Talata Mafara bai ma san ana yi ba. Wajibi ne hukumar haƙƙin mallaka ta tilasta wa duk wanda ta ba lasisi ya buɗe ofis a Arewa, ya kuma yi bayani da Hausa.

Birazil ta taɓa ba mawaƙi, Gilberto Gil, kujerar ministan al'adu daga 2003 zuwa 2008. Shi wannan mutum ya zo Ikko bikin FESTAC a 1977, ya zauna tare da sauran baƙi, ya koma gida ya yi faifai a kan abin da ya gani ya kuma ji a nan. Nijeriya ce ta ɗauki nauyin bikin da kuɗin man fetur, har da hawan daba a Kaduna. Baƙo ya tafi da guzuri, mai gida ya share fili.

Sauran aikin yana kan Hausawa mazauna kudu, domin su ne kasuwar. Mai gadi a Ikoyi da ɗan goro a Shagamu da mai yankan farce a Obalende sun fi wanda ke zaune a gida jin waƙar gida, kuma kullum suna kashe kuɗi a kanta, sai dai kuɗin a hannun mai turawa yake tsayawa. Majalisun Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da sauran zango-zango, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na gwari da na direbobi, suna da ƙarfin da za su ɗauki nauyin faifai guda a shekara. A nemo makaɗa biyu masu hannu, a kai su ɗakin ɗaukar murya mai kyau, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a sayar ta hannun ƙungiya a ranar taro ko ranar Sallah. Kuɗin bai kai abin da ake liƙa wa mawaƙi a dare ɗaya a bikin ɗan wani attajiri ba. Waɗannan majalisu kuma suna da 'yan majalisar tarayya da ke zuwa neman ƙuri'arsu duk bayan shekara huɗu, kuma kasafin kuɗin Birnin Tarayya ta hannun Majalisar Ƙasa yake bi. In sun zo, a sa maganar cibiyar makaɗa a cikin takardar bukatu, tare da ta asibiti da ta makaranta.